Robar Ƙofar Wankan Baba

Litinin, 3 ga wata, 7:40 na safe

Ƙas. Minti goma sha ɗaya.

Littafin awon ɗinki ne wannan, na tsallake kafaɗu da ƙugun mutane na fara daga baya. Yaya ya ce in riƙa rubuta lokacin da Baba ke shan magani. To, ya sha. Sauran shafin nawa ne.

Ƙas ɗin nan ƙarar ƙofar gilashi ce ta wurin wankan Baba. In ya gama ya turo ta, sai gefenta ya bugi ƙarfen dafawa da ke bango. Gilashi a kan ƙarfe, kullum da safe, ni kuma ina zaune kan kujerar roba a bakin banɗaki ina ƙirga mintocin wankansa. Baba ne ya kafa ƙofar da hannunsa shekara huɗu da suka wuce, bayan ya yi shekara talatin da huɗu yana kafa wa mutane irinta, kuma ba ta taɓa gogar komai ba. Ƙarfen kuwa mai famfon da Yaya ya kawo ne ya kafa shi, ranar da muka dawo da Baba gida daga asibiti. Mutumin ya huda bango, ya ɗaure, ya karkaɗe wandonsa ya tafi, ko buɗe ƙofar bai yi ya ga inda za ta kai ba. Na ce a matsar da shi, aka ce bututun ruwa ne a cikin sauran bangon, kuma nan kaɗai hannun hagun Baba ke kaiwa.

Na dama, ba na son maganarsa.

Litinin, 4:30 na yamma

Yaya ya zo. Ya shiga banɗakin ya tura ƙofar sau ɗaya, ya fito fuskarsa a murtuke.

"Auta, wannan ƙofar fita za ta yi. Labule za a sa."

"Labule yana riƙe ruwa ne, Yaya? Duk tayil ɗin nan jiƙewa zai yi, kuma nan Baba ke takawa."

"Shi ya sa na samo mutum. Mai jinya ne, ya san aikinsa. Ya zo da safe, ya yi masa wanka, ya tafi."

A falo muke, ƙofar ɗakin Baba a buɗe. Na yi ta yi masa alama da ido, amma Yaya in ya ɗauko magana sai ya dire ta.

Tun muna yara Baba ke faɗa, cikin wasa a lokacin, wai ranar da wani ƙato ya cuɗa masa baya, a tabbata likkafani na kusa. Yanzu kalmominsa sun yi kaɗan, sai ya yi ta kokawa kafin ɗaya ta fito. Amma wannan maganar ya maimaita mini ita a mota ranar da muka dawo, daga farko har ƙarshe, kuma ba ya dariya.

Na roƙi Yaya mako uku. Dama tafiya zai yi, ranar ashirin da huɗu zai dawo. Ya ce in ya dawo ya ji gilashi na bugun ƙarfe, ko ya ga tsaga ko da sirarin gashi ce, ba zai ƙara shawara da ni ba, ƙofa ta fita, mai jinya ya shigo.

Na ce to. Ni da ban san komai a kan ƙofa ba sai buɗe ta.

Laraba, 5 ga wata, 2:15 na rana

Ƙas, sha ɗaya. Ya sha magani.

Na je layin masu kayan gini, shagon da Baba ya saba sayayya. Mai shagon na sa masa suna Akwai, domin kafin ka gama tambaya ya ce akwai. Da ya gan ni ya miƙe.

"'Yar Maigida! Yaya jikin Maigida?"

"Da sauƙi."

Kowa da sauƙi nake ce masa, har bakina ya saba, ba ya jiran izinina.

Na yi masa bayani, ya baje mini kaya a kan kanta. Akwai 'yan ƙananan roba farare masu gam a baya, kamar ƙwayar magani. Akwai doguwar robar da ake zura wa gefen gilashi daga sama har ƙasa. Akwai matokarin ƙasa, wani dunƙulen ƙarfe mai zoben roba da ake ɗaurewa a daɓe. Akwai na bango, dogo kamar yatsa, amma shi sai an huda tayil. Ya ce gilashin kam ba a huda shi, tun da aka gasa shi an gama da shi, duk abin da za a sa sai dai a jikin wani abu ko a manna.

Sannan ya ƙara mini da abin da ban tambaya ba. Wai irin gilashin nan tsakiyarsa ko guduma sai ta yi da gaske, amma gefensa, ɗan bugu kaɗan a inda bai so, sai ki ga ya zube gaba ɗaya kamar tsakuwa. Yana faɗa yana murmushi. Wannan maganar ta biyo ni har gida, ta zauna tare da ni a kicin.

Na ɗauki ƙananan masu gam. Na manna uku a jikin ƙarfen, daidai inda gefen ƙofar ke bugu.

Alhamis, 6 ga wata, 7:35 na safe

Ƙas. Dukkansu uku sun faɗi, ɗaya ta bi magudanar ruwa.

Asabar, 8 ga wata, 1:00 na rana

Akwai ya ce laifina ne, wai ba a manna roba a kan ƙarfen da sabulu da tururi suka zauna a kai. Me ya hana shi faɗa ranar Laraba? Ya sami bakin ba ni labarin tsakuwa, bai sami na wannan ba.

Yau doguwar robar gefe na karɓo. Ya tambaye ni kaurin gilashin, mili takwas ne ko goma. Na ce ai gilashi gilashi ne. Ya ce akwai na goma, shi aka fi saye. Na dawo na zura, ta yi ta reto kamar takalmin aro, ina saki tana sulluɓewa ƙasa. Na gwada ɗaure ta da zare ta sama. Tela ce ni, komai ya gagare ni zare nake nema.

Ina cikin wannan fama ban san Baba ya jawo ƙafarsa ya tsaya a bayana ba. Ya kalli robar, ya kalli zaren, ya daɗe bakinsa na motsi.

"Takwas."

Kalma ɗaya, ya juya. Ashe amsar tana cikin gida, ni na je ina cinta da ka a kasuwa. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar yawa. Ban tambaye shi ba ne don ba na son in ga yana kokawa da kalma a gabana, shi ma ya san haka.

Lahadi, 9 ga wata, 11:20 na safe

Ƙas, sha biyu.

Bayan wanka na zura ta takwas ɗin da na koma na karɓo, ta zauna daram, sai dai ƙofar ta ƙi rufuwa da ita. Tazarar da Baba ya bari tsakanin ƙofa da ɗaya gilashin ko farce ba ya shiga, don shi bai yarda da aikin da ake toshe kuskurensa da roba ba. Na kunna ruwa don gwaji, ya malalo har bakin kujerata. Na cire ta, na goge ƙasa sau biyu.

Na ɗauki matokarin ƙasa da na karɓo tare da ita na ajiye a inda ya kamata ya zauna, don in gani kawai. Daidai hanyar ƙafar da yake ja. Na ɗauke shi da sauri kamar na taɓa wuta, zan mayar wa Akwai kayansa.

Matar da ke da riga mai ruwan toka ta aiko sau uku. Na ce keken ɗinki ne ya sami matsala. Keken lafiyarsa ƙalau.

Talata, 11 ga wata, 5:10 na yamma

Yau na yi abin yadda ya kamata. Na samo wata roba mai kauri, mai laushi kamar kunnen jariri, faɗinta ya kai babban yatsa. Na wanke ƙarfen, na goge da sifirit, na jira ya bushe ƙayau, na manna, na danne da yatsa ina ƙirga har sittin. Akwai ya ce kar ruwa ya taɓa ta sai ta kwana, don haka tun bayan wankan safe na yi aikin, na hana kowa shiga. Kowa ɗin ni ce da Baba.

Yanzu na gwada. Na tura a hankali, shiru. Na tura da ƙarfi, shiru. Na tura kamar mai faɗa da ƙofar, ko tari ba ta yi ba.

Na tura wa Yaya saƙo: an gama. Rabon da in ji daɗi haka har na manta.

Laraba, 12 ga wata, 10:00 na safe

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya shiga bakwai da minti ashirin. Na jawo kujera na zauna. Ruwa ya yi ta zuba, ya tsaya a minti na tara kamar kullum. Daga nan minti biyu ko uku ne sai ƙas, sai in san ya fito daga cikin gilashin, ya kama ƙarfe, ya zauna kan benci yana sa kaya. In na ji ƙas tashi nake in je in ɗora ruwan shayi, ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Sha biyu, shiru. Sha huɗu, shiru. Na san ni na kashe ƙarar da hannuna, kaina ya sani sarai, amma ƙirjina bai yarda ba. Na ce, "Baba?" Ban ji komai ba. Na ƙwanƙwasa. Wataƙila ya amsa, muryarsa yanzu ba ta ƙetare ƙofar katako, kuma ya tsani ya ɗaga ta don yadda take fita.

Ranar da Baba ya faɗi ma ai shiru aka yi. Keke na gudu, ina sauri in gama wuyan wata riga. Likita ya tambaye ni sau biyu, minti nawa ya yi a ƙasa. Ban sani ba. Har yau ban sani ba.

A minti na goma sha tara na fita ko takalmi babu, na buga ƙofar maƙwabcinmu makanike. Ni mace ce, 'yarsa ce, ba zan faɗa masa banɗaki ba. Bawan Allah ya taho da gudu da burodi a hannu, ya tura ƙofar, dama mun cire sakatar tun tuni.

Baba na zaune kan benci, tawul a cinya, singileti ta maƙale masa a wuya yana jan ta da hannu ɗaya. Lafiyarsa lau. Makanike ya yi ta ja da baya yana cewa, "Yi haƙuri Baba, yi haƙuri Baba, bari in taimaka maka da rigar," har ya miƙa hannu. Ta bayan kafaɗarsa na hango fuskar Baba. Ba makanike yake kallo ba, ni yake kallo.

Laraba, 6:00 na yamma

Bai ci ba. Ya sha magani, ya mayar mini da kofin ba tare da ya ɗago ba.

Alhamis, 13 ga wata, 8:30 na safe

Yau bai shiga wanka ba. Na kai masa shayi na ce, "Baba, ina kwana." A da yakan ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, kalmar nan ita ce ba ta taɓa yi masa gardama ba ko a asibiti. Yau gyaɗa kai kawai ya yi.

Makanike ya aiko matarsa da ayaba. Na karɓa na gode, ina ji kamar in nutse.

Juma'a, 14 ga wata, 7:45 na safe

Ƙas. Sha biyu.

Robar ta fita. Wadda na goge wa wuri da sifirit, na danne, na yi mata gadi yini guda. Na duba ƙasa, na duba magudana, na duba bayan benci, babu ita. Na manna wata.

Abin haushin shi ne da na ji ƙas ɗin sai da na yi ajiyar zuciya, sannan na tuna tsakuwar Akwai.

Lahadi, 16 ga wata, 7:50 na safe

Jiya ƙas, yau ƙas. Biyu sun ƙara tafiya. Wannan magudanar ta ƙoshi da roba.

Litinin, 17 ga wata, 3:00 na rana

Na je na sauke wa Akwai kwandon masifa a gaban mutane. Na ce gam ɗinsa na banza ne, robarsa ta banza ce, ya daina cewa akwai in abin kirki ne babu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko irin robar ya manna a ƙarfen kantarsa, ya ce in cire. Na sa farce, na ja, na murɗa, sai da farcena ya karye kafin gefenta ya ɗaga.

"'Yar Maigida, wannan ba ta faɗuwa da kanta. Ko dai ƙarfen naku maiƙo gare shi, ko kuma..."

"Ko kuma me?"

"Akwai wani gam ɗin da ya fi wannan."

Na karɓo. Wari kamar zai fasa kai. Saura mako ɗaya Yaya ya dawo, ni kuma ina nan ina yawo da bututun gam a jaka kamar mai gyaran takalma.

Laraba, 19 ga wata, 12:30 na rana

Ƙas, sha uku. Da gam ɗin da komai. An bar mini tabon gam a ƙarfe, robar babu.

Yaya ya kira. Ya ce, "Ba kin ce an gama ba?" Na ce an gama, ana dai ƙarasawa. Ya ce makanike ya ba shi labarin Larabar da ta wuce, kuma wannan ma ya isa hujja. Ya riga ya gaya wa mai jinya ya shirya ranar Litinin. Na ce ai Litinin ba ta yi ba. Ya ce, "Auta, taurin kanki da na Baba, ban san wanda ya gado wani ba." Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan zo ina ba da haƙuri a kansa.

Kullum bayan wanka ina bin gefen gilashin da yatsa daga sama har ƙasa, ina neman inda ya ɓantare. Ban samu ba tukuna. Wannan tukuna ɗin ita ke hana ni cin abinci.

Na buɗe keke da rana, bayan na ga Baba zaune a falo inda idona ke kansa. Layi biyu na yi na tashi. Ƙararsa ta yi mini yawa.

Juma'a, 21 ga wata, 4:40 na yamma

Ƙas da safe, sha uku.

Ina wanki na sa hannu a aljihun jallabiyarsa mai ruwan ƙasa, wadda yake sawa in ya fito wanka. Shida. Roba shida, a manne da juna, ɗaya har da busasshen gam ɗin nan mai wari. A gefen kowacce akwai shaidar farce.

Na ƙirga su da kumfa a hannu. Na zagi magudana, na zagi tururi, na ci mutuncin Akwai a gaban kwastomominsa, ashe ɓarawon yana shan shayina kullum.

Na same shi a falo. Na buɗe tafin hannuna a gabansa.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya leƙa. "Roba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni, yau na ɗaga. Na ce ya fi kowa sanin abin da gefen gilashi ke yi in ya gaji da bugu. Na ce Yaya na zuwa Litinin da ƙaton da zai cuɗa masa baya, ni kaɗai ke tsaye tsakaninsu, shi kuma yana bi na a baya yana kwance abin da na ɗaura. Na ce in so yake a cire ƙofar ya faɗa mini in huta.

Ya bar ni na gama. Sannan ya fara, kalma ɗaya ɗaya, ni kuma yau ban taya shi ba, ban kau da kai ba, na tsaya na jira kowacce.

"Kujerarki. Ina ji." Ya nuna ƙasa, yadda nake jan ta. "Ƙas, ki tashi. Shiru, ki kira mutum."

Ya huta, ya share gefen bakinsa.

"Gara gilashi."

Ashe duk kwanakin nan magana yake yi mini. Da ƙarfi yake tura ƙofar da gangan, don in ji ya fito a kan ƙafarsa in tafi in ɗora shayi. Ita ce kaɗai muryar da ta rage masa mai ƙetare katako, ni kuma na yi mako biyu ina zaga kasuwa ina neman abin da zan toshe ta da shi.

Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska. Da na fito ya ce, "Uwata. Fensir."

Asabar, 22 ga wata, 5:30 na yamma

Jiya ya zana mini da hannun hagu, layukan duk a karkace amma ana ganewa. Matokarin bango ne, dogo. Ya rubuta tsawonsa. Ya zana kan robar ya cika shi da baƙi, ya ce, "Mai tauri." Ya zana ƙofar, ya nuna ba gefenta zai tara ba, cikinta zai tara, tafin hannu ɗaya daga gefe, ta tsaya saura yatsa biyu ta kai ƙarfen.

Na kai wa Akwai takardar. Sai da na fara ba shi haƙuri, ya ce ba komai, dama ya so ya faɗa ranar nan ya ga idona ya fasa. Ya kalli zanen da kyau.

"Hannun Maigida ne wannan."

Ya fito da iri uku. Na ce wanda ba ya tsatsa nake so, kuma wanda ya fi ƙara.

"Ƙara? Shekara ashirin ina shagon nan, kowa marar ƙara yake nema."

"Akwai ko babu?"

Ya yi dariya ya ce akwai. Muka yi ta buga su ɗaya bayan ɗaya a jikin wani guntun gilashi, mutane na kallonmu kamar mun taɓu. Na farko shiru. Na biyu ƙyas, kamar cokali. Na uku mai baƙin kai ya ce dum, ƙara mai nauyi wadda ba ta tsinka zuciya. Shi na ɗauka.

Hudar tayil kuwa na ce a kira makanike, Baba ya harare ni. Ya sa na jawo akwatin aikinsa daga ƙarƙashin gado, rabon da a buɗe shi tun kafin ya faɗi. Ya zauna kan benci, ya sa ɗigon fensir a bango da kansa, sama da inda bututun ya bi. Ya sa na manna tef a kan ɗigon don kar bakin injin hudar ya zame. Na kama injin. Ya ce, "Sannu. Kar ki danna." Na yi ta yi, ina tsayawa ina jiƙa bakin da ruwa yadda ya nuna, garin tayil na zubo mini a ƙafa. Da na yi sauri sai ya buga sandarsa a ƙasa. Rami ɗaya ya ci mana kusan rabin awa, tayil bai tsage ba.

Na ɗaure matokarin. Ya miƙa hannu ya girgiza shi, ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya tura ƙofar da kansa.

Dum.

Na fita na rufe ƙofar katako na zauna a kujerata, ya sake turawa. Na je kicin, ya sake. Har kicin ana ji. Na dawo na tarar yana zura yatsu biyu tsakanin gilashi da ƙarfe, suna shiga daidai. Bai ce na iya ba, Baba bai taɓa ce wa kowa ya iya ba. Ya dai ce in goge injin kafin in mayar.

Litinin, 24 ga wata, 9:15 na safe

Yaya ya iso bakwai saura, mai jinya na zaune a motarsa a waje. Ya gaida Baba, ya wuce banɗaki, ya bi gefen gilashin da fitilar waya. Ya tura ƙofar.

"Ai har yanzu tana ƙara."

"Roba ce take bugu, ba ƙarfe ba. Sa yatsanka ka gani."

"Mako uku, Auta, ki kasa samo marar ƙara?"

"Na samo. Ita ta kawo makanike."

Na ce ya tsaya ya ga wanka ɗaya, in bai gamsu ba ya kira mutuminsa. Baba ya wuce mu da tawul a kafaɗa, bai kalli kowa ba. Na jawo kujerata da ƙarfi don ya ji. Yaya ya tsaya a gefena ya harɗe hannu.

Ruwa ya tsaya a minti na goma sha ɗaya. Yaya ya dubi agogo. Sha biyu, ya sauke hannunsa. Sha uku, ya ce, "Lafiya kuwa?" ya kama mariƙin ƙofa. Na riƙe hannun rigarsa. Ban taɓa riƙe Yaya ba, ya juyo zai yi magana, na ce, "Jira." Ni ma idona na kan ƙofar.

Dum. Sha huɗu.

Na saki rigarsa na tashi na ce zan ɗora shayi. Ya biyo ni kicin ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kullum haka kike zama?"

"Kullum."

Sannan ya fita waje, na ji tashin muryoyi a hankali, na ji an rufe ƙofar mota. Da ya dawo ya ce ya sallami mai jinya, amma wata ɗaya ne, sai mu sake dubawa, kuma in riƙa gaya masa mintocin. In sun fara yawa, ba ruwansa da taurin kan kowa. Ya ce ranar Asabar shi zai zo ya zauna a kujerar, ni in je in yi ɗinkina.

Baba ya fito da singileti a bai-bai. Babu wanda ya gyara masa.

Talata, 25 ga wata, 7:40 na safe

Dum. Sha huɗu. Ya sha magani. Na gama riga mai ruwan toka jiya da rana.

Alhamis, 27 ga wata, 7:45 na safe

Dum. Sha biyar.

Juma'a, 28 ga wata, 8:05 na safe

Dum. Sha bakwai. Na zauna har ƙarshe, ban kira kowa ba.

Yaya ya bugo ya tambaya. Na ce sha huɗu.